Ba Zan Ce Na'urata Ta Yi Ƙarya a Kan Motar Malam Yusha'u Ba

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta kanikawa da 'yan rewaya, shiyyar Gwarzo da Kabo, tare da dattawan kwamiti baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina yi wa Alhaji barka da war haka. Ya aiki, ya iyali, ya jama'a, ya kuma haƙuri da mu? Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Ina gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa a zuciyata, ko da yake na san a halin da ake ciki ba kowa ne zai iya amsawa da ƙarfi ba.

Ni ne Haladu Rewaya, mai gyaran wutar mota, mutumin Masanawa ta ƙasar Kabo, mai rumfa ta biyun ƙarshe a garejinmu na Gwarzo, gindin darbejiya. Shekarata ashirin da biyu a wannan rumfa. Na faɗi haka ne saboda masu karatu waɗanda ba su san ni ba. Kai kam Alhaji ka san ni tun ina zuwa aiki a kan keke, da akwatin katako ɗaure a baya.

Ba da son raina na fito da maganar gida waje ba. Sau biyu na aiko da takarda ta hannun sakatare, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na taka har ƙofar gidanka ranar wata Juma'a bayan an sauko, aka ce mini ba ka nan, alhali takalmanka na bakin zaure, ina kuma jin tarinka daga ciki. To tunda ƙofar gida ta rufe, na biyo ta kasuwa. Zan liƙa kwafi ɗaya a jikin masallacin gareji, ɗaya a tashar Kabo, in kuma sa a waya kowa ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

1. Hukuncin da aka yanke mini

Wata huɗu ke nan da kwamiti ya zauna a kaina, a ranar da na tafi jana'izar kawuna a Masanawa. Kowa ya san inda nake, domin a cikinku akwai waɗanda suka yi mini ta'aziyya a waya da safe, da la'asar kuma suka ɗaga hannu. Ga abin da aka yanke: kada ɗan ƙungiya ya ara mini ko da sifana lamba goma, kada a turo mini aiki, kada a zauna a rumfata, kada a sa hannu a kwano ɗaya da ni, har sai na tsaya gaban taro na furta da bakina cewa na'urata ta duba mota ta yi ƙarya a kan motar Malam Yusha'u, kuma aikin da ɗan'uwanmu bakanike Tasi'u ya yi mata daidai ne. Yanzu kuma labari ya iso mini, ta bakin mai shayi, wai idan taron ƙarshen wata ya zo ban furta ba, za a karɓe rumfar a ba wani.

Laifin da aka rubuta mini shi ne tona asirin ɗan'uwa. Na san dokar, ina nan aka kafa ta, da ni aka ɗaga mata hannu: bakanike ba ya buɗe bayan bakanike a gaban mai mota. Amma ba a taɓa ce mini dokar ta haɗa da mutum ya shaida akasin abin da idonsa ya gani ba.

2. Yadda motar ta zo hannuna

Malam Yusha'u malamin firamare ne a Sabon Birni, dattijo, ritayarsa ta kusa. Motarsa 'yar Beljiyam ce, ita ce ƙafarsa, ita ce kuma motar asibitin unguwarsu in haihuwa ta zo wa wata da gardama. Ciwonta guda ne. Duk ranar da ya sha mai sai ta ƙi tashi a gidan man, sai an yi ta murza makulli an taka totur har ƙasa, ta yi tari, ta tashi da ƙyar tana karkarwa. Sauran kwanaki lafiya lau. Fitilar inji, wadda muke ce wa cek, ta kama ta ƙi mutuwa, ga warin fetur yana bin ta kamar ƙuda.

Ya kai wa Tasi'u, abokina, wanda rumfarsa ke kallon tawa. Tasi'u ya canja famfon mai, ba ta daina ba. Ya wanke nozul, ya canja fulogogi, ba ta daina ba. Daga ƙarshe ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, sai an nemo wata daga Kano, kafin nan kuma ya buɗe dashbod ya liƙe fitilar da baƙin tef don kada ta riƙa tayar wa Malam hankali. Ba don in ci fuskarsa nake faɗar wannan ba. Kowa a garejin nan ya taɓa liƙe fitila, har ni, kafin Allah ya buɗe mini ido.

Malam Yusha'u da ƙafarsa ya zo rumfata, ban kira shi ba. Ya ce an gaya masa ina da kwamfutar da ke hira da mota, shi dai kafin ya sayar da tumakin maiɗakinsa ya sayi ƙwaƙwalwa, yana so a tambayi motar da kanta me ke damunta. Na jona na'ura. Lamba biyu ta ba ni: P0441 da P0455.

3. Abin da lambobin suke nufi, da abin da na tarar

A yi mini haƙuri in yi ɗan bayani, domin a nan ne aka kasa fahimtata. Ba sana'a nake koya wa dattawa ba.

Fetur yana numfashi. Ko mota na ajiye, in rana ta buga tanki, tururi na tashi a ciki. Motocin da muka koyi aiki a kansu, irin tsofaffin a-kori-kura, sakin wannan tururin suke yi ya bi iska, shi ke nan. Na yanzu ba haka aka yi su ba. Tankinsu a rufe yake ruf. Akwai siririn tiyo da ke ɗaukar tururin ya kai shi wani baƙin gwangwani a ƙarƙashin mota, cike da gawayi ƙanana kamar ƙwayar dawa. Gawayin ya shanye tururin ya riƙe. In inji ya yi zafi ana tafiya, sai wani ɗan bawul da ke kusa da shi ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, inji ya zuƙe tururin ya ƙona. Ba asara, ba wari. Ita kuma ƙwaƙwalwar motar, lokaci-lokaci takan rufe ko'ina ta gwada ko akwai inda iska ke zurarewa. In ta samu, sai ta kunna fitila ta ajiye lamba.

Lamba ta farko cewa take tururin ba ya wucewa ta bawul ɗin yadda ya kamata. Ta biyu cewa take akwai babbar kafa a wani wuri. Lamba ba ta taɓa ce wa mutum canja kaza ba. Unguwa take nuna maka, gidan kuwa kai za ka nema da ƙafarka. Masu cewa na'ura ce ke yi mini aikin ina zaune, wannan ne ba su gane ba.

Sai na tambayi Malam yadda yake shan mai. Ya yi dariya, ya ce sau ɗaya a wata, ranar da albashi ya shigo, domin gobe ba wanda ya san farashi. In famfon gidan mai ya yanke da kansa, sai ya ce a ƙara. Yakan sa a ɗora tayar baya a kan bulo don motar ta karkata, mutum biyu su kama ta su yi ta jijjigawa kamar ana ɗura gero a buhu, a ƙara, a jijjiga, a ƙara, har sai ya ga mai da idonsa a wuyan tanki. Alhaji, wa a cikinmu bai taɓa yin haka ba? Tun zamanin layin mai muka koya, ya zame mana jiki. To wannan man na sama ba shi da wurin zama. Tiyon tururi yake bi ya gangara cikin gwangwanin gawayi. Gawayin kuwa don tururi aka yi shi, ba don ruwa ba. Ya jiƙe, ya marmashe, inji ya zuƙo ɓarɓashin har cikin bawul, ya tokare shi a buɗe. Daga nan duk ranar da aka zuba mai, tururin da sabon man ya koro sai ya wuce kai tsaye ya cika inji, mota ta shaƙe ta ƙi tashi.

Na ciro bawul ɗin a gaban Malam. In lafiyarsa ƙalau kuma ba wutar batir a jikinsa, ko ka hura har idonka ya firfito iska ba za ta wuce ba. Na miƙa masa ya hura da bakinsa. Fuu, ta wuce kamar a bututu. Na buga shi a tafin hannuna, baƙin gawayi ya zubo. Na shiga ƙarƙashi na kwance gwangwanin, ya yi nauyi kamar tulu, na karkata shi fetur ya tsiyayo. Murfin tankin ma ba nata ba ne, na wata mota ne aka naɗa wa leda don ya kama. Duka ukun na canja mata. Ashe ƙwaƙwalwar da aka ce ta taɓu ita kaɗai ce mai hankali a cikinmu, wata uku tana faɗin gaskiya a bayan baƙin tef.

4. Inda na yi laifi

Ba zan rubuta wa mutane rabin labari ba. Na gane hannun Tasi'u tun da na buɗe dashbod. Shekara ashirin muna tare, na san yadda yake naɗa tef, daga hagu, ya datse ƙarshen da haƙori. Da na yi aiki da hankali, da na ce wa Malam ya je ya yi sallah ya dawo, in tsallaka in ja Tasi'u gefe in nuna masa, mu gyara tare, ya miƙa wa mai mota makulli da hannunsa. Ban yi ba. Mutane sun taru ana kallon gawayi a tafina, kaina ya kumbura. Na ɗaga bawul ɗin sama na ce wanda ya canja famfon motar nan ba gyara ya yi ba, canki-canka ya yi, kuma da ƙasa ya buga da ya fi kusa da daidai. Aka kwashe da dariya. Tasi'u na tsaye a bakin rumfarsa da tsumma a hannu. Ya ninke tsumman, ya sa a aljihu, ya shiga ciki.

Wannan magana daga bakina ta fito, ban musa ba, ba kuma zan musa ba. Ina da girman kai. Maiɗakina ta riga ku faɗa. Amma Alhaji ka san inda na samo shi. Mahaifina shanu ya bar mana, cuta ta share su kafin in gama sakandare, na fito da takardar da ko aikin masinja ba za ta ba ni ba. Ba ubangidan da ya sallame ni da kayan aiki, ɗaya-ɗaya na tara. Da motocin nan masu fitila suka fara yawa, na ga muna lalube kamar makafi a gidan baƙi, sai na sayar da bijiman huɗa biyu da na mallaka na sayi na'urar. Daga nan aka sa mini suna Farfesa. In na zo wucewa sai a ce a ba Farfesa hanya, kada a taka masa waya. In mota ta gagari wani sai a ce a kai wa Farfesa ya haska mata majigi. Shekara biyu ina zama da ƙamus a cinya ina warware abin da take rubutawa kalma-kalma, ina juyawa da Hausa a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Littattafan suna nan, sun kai huɗu. Ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Ranar nan da gawayi ya zubo a hannuna, ba Tasi'u nake rama wa ba, shekarun dariyar nan ne. Sai dai shi ne a tsaye a inda dutsen ya faɗi, shi da bai taɓa kirana Farfesa ba ko sau ɗaya.

5. Hujjar kwamiti

An ce bayan kwana goma sha biyu fitilar ta sake kamawa, saboda haka na'ura ƙarya ta yi. Gaskiya ne ta sake kamawa. Amma ba wanda ya tambaye ni da wace lamba ta dawo. Ba waɗancan biyun ba ne. P0456 ce, wato kafa 'yar mitsitsiya kamar hujin allura. Muddin babbar kafa na nan, mota ba ta iya jin ƙaramar, kamar yadda wanda rufin ɗakinsa ya yaye ba zai san taga na yoyo ba sai ya mayar da rufin.

Akwai kuma dalilin da ya sa ta ɗauki kwanaki. Mota ba ta yin wannan gwajin sai ta kwana ta huce, kuma man tanki na tsakanin kwata ɗaya da kwata uku. In ya cika maƙil ba ta yi, in ya kusa ƙarewa ba ta yi. Mu kuwa a ƙasar nan, mota ko dai tana cike har wuya ranar albashi, ko tana kan ja ana ɗura mata kwalba-kwalba a bakin titi. Shi ya sa mutum zai goge lamba, ko ya cire kan batir, fitila ta mutu, mai mota ya tafi yana sa albarka. A yi sati biyu ko uku kafin motar ta samu damar gwada kanta, fitila ta dawo, sai a ce ai kwamfuta ba ta san komai ba. Goge lamba ba gyara ba ne, share hawaye ne ba a cire ƙayar ba.

Ni na gaya wa Malam tun ranar farko ya riƙe ta a rabin tanki, in fitila ta dawo ya dawo. Kwana biyu bayan zamanku ya zo, na sa mata hayaƙi don ya nuna mini inda kafar take. Abin hayaƙin ni na ƙera da gwangwanin fenti, da hitar injin dizal, da man shafawa na jarirai, da famfon keke. A hankali ake hurawa, domin in ka matsa iska da ƙarfi za ka fasa abin da ba shi ka zo gyarawa ba. Na toshe inda gwangwanin gawayi ke shan iska, na tura hayaƙi ta tiyo, muka zuba ido ni da shi. Sai ga shi siriri kamar zare yana fitowa daga saman tanki. Da na sauke tankin, ɓera ne ya ɗanɗana tiyon. Ashe kusa da rumbu Malam yake ajiye motar. Tiyon da na canja bai wuce taƙi ɗaya ba. Yau kusan wata huɗu fitila ba ta kama ba, kuma ba tef a kanta. In an murza makulli takan haska ta mutu, kamar yadda masu ita suka yi ta. Malam Yusha'u na nan da ransa, Sabon Birni kuma ba Makka ba ce. Me ya hana a kira shi?

6. Abin da wata huɗun nan suka yi mini

Ba kukan yunwa nake yi ba. Masu mota na zuwa daga Kabo, daga ƙauyuka, wasu har daga ɓangaren Katsina. Da abinci ne kaɗai ke zaunar da mutum a wuri, da ban ɗauki biro ba.

Shekara da shekaru, in an idar da azahar, mu shida muke zama gindin darbejiyar nan a kan kwano ɗaya. Yanzu sun koma bayan rumfar mai faci. Ina jin dariyarsu, ba na jin abin da ake yi wa dariyar. Mai abinci takan ajiye nawa a kan benci ta ce Allah ya kyauta, ta wuce da sauri. Na koma ci ina fuskantar bango, don kada in ce wa mai wucewa bismillah in sa shi tsaka mai wuya. A masallaci kafaɗa na haɗuwa da kafaɗa, domin can dokarku ba ta shiga, amma ana sallamewa sai mutum ya duƙa neman takalmi tun kafin in miƙa hannu. Kwanakin baya jak ya zame mini, mota ta sauko ta danne hannun rigata. Ina kwance a ƙasa na buɗe baki zan kira Tasi'u, sai na tuna da dokarku. Na yage rigar na fito. Ba wanda ya sani sai yau.

Watan jiya aka yi sunan jikana na fari. A gidana 'yata ta haihu kamar yadda aka saba a haihuwar fari, a ƙofar gidana kuma aka raɗa suna. Ni ba ɗan Gwarzo ba ne, dangina na Masanawa sun ƙare sai ɗaiɗaiku. Ku ne dangina a garin nan. Na bi rumfa-rumfa da goro, ina ajiyewa a kan teburin kowa tunda ba a karɓa daga hannuna. Na aro tabarmi takwas. Liman ya zo, maƙwabta sun zo, dangin uban jaririn sun zo mota biyu daga Kabo. Tabarmi ukun da na ware wa 'yan gareji, haka na naɗe su ba ƙafar da ta taka. Kakan jaririn na wajen uba ya tambaye ni ko aiki ne ya riƙe abokan sana'ata, na ce masa eh. Ƙaryar da na yi ke nan a duk wannan al'amari, kuma don in rufa muku asiri na yi ta.

Da rana maiɗakina ta nuna mini turmin atamfa da sabulu. Matar Tasi'u ce ta shigo da su ta ƙofar baya, ta ɗauki jaririn ta yi masa addu'a, ba ta zauna ba. In kwamiti na neman laifi a nan, ya duba takardarsa, ba a ambaci mata ba.

Abin da nake roƙo

Na farko, a saurare ni. A kira ni taron ƙarshen wata a matsayin wanda za a ji ta bakinsa, ba wanda zai zo ya maimaita abin da aka rubuta masa ba. A kira Malam Yusha'u da motarsa. Tsohon bawul da gwangwanin da guntun tiyon suna nan na ajiye. Duk dattijon da ke shakka ya hura da bakinsa.

Na biyu, a raba mini magana biyun da aka ɗaure wuri ɗaya. Neman gafarar Tasi'u a shirye nake, a gaban duk wanda ya yi dariya ranar nan, a tsaye ko a durƙushe, yadda ya zaɓa. Na ci mutuncinsa a bainar jama'a, a bainar jama'a ya kamata in biya. Amma in ce na'ura ta yi ƙarya, wannan ba zan faɗa ba. In na faɗa, gobe wani bawan Allah zai rabu da abin hannunsa ya sayi kayan da motarsa ba ta buƙata, kuma da yawuna a ciki.

Na uku, a yi wa dokar kwaskwarima. Rufin asiri tsakaninmu abu ne mai kyau. A dai ƙara cewa wanda ya ga kuskuren ɗan'uwansa ya same shi a keɓe tun mai mota bai tafi ba, a gyara. Asirin bakanike ya rufu, motar mutum kuma ta tafi da lafiya.

Sai kuma wannan, da ba roƙo ba ne, tayi ne. Safiyar Juma'a ba mu da aiki sosai. Duk ɗan ƙungiyar da ke son koyon karanta lambobin nan, ga na'ura, ga abin hayaƙi, ba zan karɓi ko sisi ba. Ban ce na fi kowa ba. Tasi'u in ya kanga kunne a jikin inji yana jin abin da na'urata ba ta gani, a aikin giya kuwa ba na kama ƙafarsa. Da mun haɗa kunnensa da allona, da ba motar da za ta bar Gwarzo zuwa Kano neman magani.

In kwamiti ya ga duk wannan bai isa ba, fili na ƙungiya ne. Ba sai an turo a fitar da ni ba. Zan kwance rufina da hannuna in nemi gefen titi a hanyar Kabo. Masu mota za su same ni a can. Sai dai mutumin da ya ba hamsin baya ba ya yin sababbin abokai, abokan ciniki kawai yake yi.

Magana ta ƙarshe, Alhaji, ba ta shafi shari'ata ba. Shekaranjiya ka wuce ta gaban rumfata a hankali saboda ramin nan, gilashi a rufe, Hajiya na kujerar baya. Bayan ka wuce warin ɗanyen fetur ya tsaya a wurin. Ba warin salansa ba ne, na san bambanci. Na fito na duba, ga ɗigo uku a jere a kan ƙasa, daidai inda tayar baya ta hagu ta bi. Wannan ya wuce tururi, mai ne da kansa yake zuba. Don Allah kada ka bari a cika ta har wuya, kada kuma a ajiye ta kusa da mai walda. In doka ta hana ka kawo mini, ba wa Tasi'u, ka ce ya duba wuyan tanki da robar da ta haɗa shi da tankin. Ba sai ka ce ni na faɗa ba. Ko za a karɓe rumfata ko za a bar mini, wannan dai kada ta jira taron ƙarshen wata.

Allah ya tsare ka da iyalinka daga wuta, ta duniya da ta lahira. Allah ya yi maka jagora a shugabancin nan, ya sa ka sauke shi da haske a fuska. Allah ya sa albarka a hannun kowane ɗan ƙungiya, ya yafe mini abin da harshena ya jawo, ya huce zuciyar wanda na ɓata wa.

Wassalam.

Naku har yanzu, in kun yarda,
Haladu Rewaya Masanawa,
Garejin Gwarzo.